Ɗaliban jami'a na son yi wa yaran unguwarmu lesin kyauta: mu ba su wuri?

"Assalamu alaikum Malama. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Mabera, cikin garin Sakkwato. Makon jiya wasu ɗaliban jami'a su tara, maza da mata, suka same mu, suka ce suna son su riƙa yi wa yaran firamare lesin kyauta da yamma, kuma wani malaminsu na tsangayar ilimi yana da masaniya. Sun ce za su koyar da Turanci da lissafi da kimiyya da kwamfuta, har da kai yara yawon buɗe ido. Iyaye sun rabu biyu. Wasu na murna, wasu na cewa shekarun baya an yi irin wannan, wata biyu aka watse. Ni kaina ɗana yana aji huɗu amma bai iya karanta wasiƙa ba. Don Allah irin wannan shiri yana da amfani kuwa? Me ya kamata mu nema kafin mu yarda?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi wa unguwa. In na fahimce ka, abu biyu ke cin ranka. Na farko, ko ɗalibin da shi kansa bai gama karatu ba zai iya tsinana wa yaro wani abu. Na biyu, yadda za ku kauce wa abin da ya faru a baya, a taru da ɗoki a watse babu ko sallama. Amsata ita ce ku karɓe su, amma kada ku karɓi shirin yadda suka zo da shi. Sai kun rage masa kaya, sannan kun ɗaure shi a turken da ke cikin unguwarku.

Na daɗe ina koyar da masu shirin zama malamai, ina kuma bin su makarantun da ake tura su gwajin koyarwa, abin da ɗalibai ke kira TP. Sau biyu na jagoranci irin wannan lesin a cikin garin nan. Na farkon a hannuna ya mutu, kuma yawancin abin da zan faɗa maka daga gawarsa na koya.

Ba yau aka fara ba

A wurare da dama jami'o'i sun daɗe suna tura ɗalibai unguwannin talakawa da ke kewaye da su. A Afirka ta Kudu, ɗaliban koyon likita na Jami'ar Cape Town sun kafa ƙungiyar SHAWCO a 1943 don duba marasa lafiya a unguwannin marasa galihu, daga baya aikin ya haɗa da koyar da yara, kuma ƙungiyar ta rayu shekaru aru-aru a ma'aunin irin waɗannan ayyuka. A Amurka, zamanin Shugaba Bill Clinton, an fito da shirin America Reads, inda daga 1997 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin biyan ɗaliban jami'a masu ƙaramin ƙarfi ladan koya wa yaran firamare karatu. Ka lura da abin da ya haɗa su. Akwai ofis, akwai wanda aikinsa ke nan, akwai kuɗin da aka ware. Ba kyakkyawar niyyar ɗalibai kaɗai ta riƙe su ba.

Mu a nan Sakkwato ba mu rasa ɗalibai ba. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa tun 1975, mazauninta na dindindin yana Dundaye. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A kan takarda kowace jami'a a ƙasar nan aiki uku gare ta: koyarwa, bincike, da yi wa al'umma hidima. Na ukun nan shi ne maraya, don shi ne ba a cika ware masa kuɗi ba, kuma ba shi ke ƙara wa malami girma a wurin aiki ba kamar yadda buga maƙala ke yi.

Shi ya sa kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce "yana da masaniya". Masaniya ba goyon baya ba ce. Wani lokaci ma'anarta kawai ɗalibai sun tare malami a bakin ofis sun gaya masa, ya ce "Allah ya taimaka". Wani lokaci malamin da gaske yake, amma shi kaɗai ne, ranar da ya tafi hutun ƙaro ilimi ko aka ba shi wani muƙami, shi ke nan. Abin da za a kira shirin jami'a shi ne wanda shugaban sashe ya sa wa hannu, aka rubuta sunan malamin da zai riƙa zuwa dubawa, kuma aikin yana cikin abin da ake ba ɗalibi maki a kansa. Ku fara gano wanne ne ya zo muku. Duk ukun ana iya aiki da su, amma nauyin da za ku ɗora wa kowanne ya bambanta.

Ɗanka da ke aji huɗu

Ka ambaci ɗanka a ƙarshen wasiƙa kamar ƙarin bayani, alhali shi ne zuciyar maganar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya samu shekara tara na karatu kyauta kuma tilas. Yara sun shiga aji, amma shiga aji daban, iya karatu daban. Gwaje-gwajen karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauci shekarun baya sun nuna galibin yaran da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. Gwamnatin jiha ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015. Don haka ɗanka ba daƙiƙi ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Aji ya cika maƙil. Malami ya rubuta a allo, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya, wanda ya wuce ta bakin taga ya ji kamar karatu ya kankama. Yaron da bai kama haruffa a aji ɗaya ba, ba a tsaya masa, shekara na zagayowa ya wuce aji biyu. Manhaja kuwa ba ta jiran kowa. Kafin a kai aji huɗu littattafai sun koma Turanci, ana maganar sassan jikin tsiro da kasafi, shi kuwa har yanzu "b" da "d" suna rikita shi.

Ba na manta wata yarinya 'yar aji biyar da na gwada a wani zaure. Na ba ta littafin ajinsu, ta karanta shafin farko tiryan-tiryan har da kari irin na malaminsu. Sai na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe ta layi na uku na ce ta karanta mini ita kaɗai. Ta yi shiru, ta koma farkon shafin tana motsa baki tana ƙirga kalmomi da ido har ta iso inda yatsana yake, sannan ta faɗa. Na rubuta "tulu" a bayan hannuna da biro na nuna mata. Ta dube ni ta ce, "Malama, wanga ba a gwada muna shi ba." Yarinyar nan kaifin ƙwaƙwalwa gare ta, don haddace shafi da gano kalma ta hanyar ƙirga ba aikin rago ba ne. Shekara biyar kawai ta yi ba wanda ya zauna da ita ya nuna mata cewa "tu" da "lu" ne suka haɗu.

Yanzu ka ɗauki wannan yarinya ka zaunar da ita gaban ɗalibin jami'a da ya zo da darasin kimiyya cikin Turanci. Za ta haddace shi ma. Shi zai koma makaranta da murna, ita kuma tana nan inda take. Saboda haka jerin da suka kawo muku, Turanci da lissafi da kimiyya da kwamfuta, jinka ce ba a yi gini ba. Ku ce musu zangon farko abu biyu kawai kuke so: karatun Hausa da lissafin tushe, wato sanin lamba, tarawa, ɗebewa, sannan sau da rabawa ga wanda ya kai. Wasu iyaye za su ce su Turanci suke so. Ku gaya musu yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi, rabin aikin karatun Turanci ya riga ya gama, don haruffan kusan ɗaya ne. A riƙa yin Turancin baka na 'yan mintoci, gaisuwa da sunayen abubuwa da waƙa, har lokacin da karatun Hausar ya zauna.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan matan unguwa da suka gama sakandare, ta ba su horon mako biyu, suka riƙa ware yaran aji uku da huɗu da aka bari a baya suna koya musu tushe awa biyu a rana. Masana da suka haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun auna shirin a biranen Mumbai da Vadodara, suka ga yara sun ci gaba, kuma mafi raunin cikinsu su suka fi cin riba. Daga nan aka gina tsarin koyar da yaro daidai matakin da yake, wanda aka gwada a Borno da Kano.

Aikin farko ke nan: a gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyar ya isa. Takarda ɗaya mai haruffa, da gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko da kuwa ɗan aji shida zai zauna da ɗan aji biyu. A kula da kunya a nan. Kada a kira wani rukuni na daƙiƙai, mu sunayen tsuntsaye muka ba su, kuma manyan yara mukan ware musu tasu tabarma.

Abu biyu nake jaddada wa ɗalibaina game da yaran Sakkwato. Kusan kowane yaro a nan ya bi ta makarantar allo, ya san babbaƙu, ya san farfaru. In ka ce masa "b" baƙi ne, "a" da "i" da "u" su ne wasullansa kamar yadda ya sani a allo, sai ka ga ido ya buɗe. Ɗalibin da ya raina allo ya zubar da tsanin da aka riga aka kafa masa. Na biyu kuma harshe. Littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, yaro kuwa Sakkwatanci yake ji a gida. Na taɓa tarar da wani ɗalibina yana ta gyara wa yaro karatu, yaron ya ga "ya tafi" ya ce "ya tahi", ya ga "fura" ya ce "hura". Na ja shi gefe na ce masa, yaron da ya ga kalma ya mayar da ita yadda uwarsa ke faɗinta, ai ya karanta ke nan har ya fahimta. Ƙa'idar rubutu za ta zo daga baya. In ka fara da nuna masa bakinsa ne ba daidai ba, gobe ba zai buɗe shi ba.

Abin da ke kashe irin wannan shiri

Iyayen da suka ce an taɓa yi an watse suna da gaskiya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bari in ba ka labarin nawa.

Mun fara da biki. An shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya yi jawabi, an raba lemo, an ɗauki hotuna. Makonnin farko ɗalibai na zuwa cif-cif. Sai gwaje-gwajen tsakiyar zango suka kama, mutum goma sha biyu suka koma biyar, suka koma biyu. Wata Alhamis na biya ba tare da sanarwa ba, na tarar da yara zaune a zaure kowa da littafinsa a cinya, sun share wurin sun jera allo, babu malami ko ɗaya. Wani ɗan ƙarami ya taso ya karɓi jakata ya ce, "Malama, yau ma ba su zuwa?" Ban samu abin ce masa ba. Bayan jarrabawa aka tafi hutu, bayan hutu aka shiga yajin aiki. Da muka dawo muka aika a tara yara, 'yan ƙalilan suka zo. Wata uwa ta aiko mini da saƙo cewa ta hana 'yarta tallan yamma saboda mu, ta yi asarar ciniki, yarinya kuma ba ta ƙaru da komai ba. Laifin nawa ne, ba na ɗaliban ba. Na gina shirin a kan kalandar jami'a, alhali yaro ba ya bin wannan kalanda.

Ka lissafa da kanka. Zangon karatu bai wuce wata huɗu ba. Cire makonnin rajista a farko, cire na jarrabawa a ƙarshe, abin da ya rage na natsuwa kaɗan ne. Ga dogon hutu. Ga yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2020 ya ci kusan wata tara, a 2022 kuma ya kama daga Fabrairu har Oktoba. Ga azumi. Ga zafin bazara na garin nan, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwanon zaure ya koma tanda. Ga kuɗin kabu-kabu daga Dundaye zuwa Mabera da komawa, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya fi ƙarfin aljihun ɗalibin da ke auna garin kwakinsa da cokali. Ɗalibi baƙo ne a unguwarku, baƙo kuwa raɓa ne.

Da na tashi yin na biyu sai na juya tsarin. Na koma ga abin da aka yi a ƙasar nan tun kafin a san jami'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta bi ƙauyuka gida-gida tana koyarwa ba. Ta zaɓi mata daga garuruwansu, aka kira kowace jaji, ta ɗora mata malfa, su zo wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma su koya wa matan da suka sani. 'Yan Taru, kamar yadda ake kiran matan wannan tsari, sun daɗe bayan ranta saboda mai koyarwar 'yar gida ce, cibiya kuwa aikinta ba da ilimi da izini.

Haka muka yi. Muka nemo matasan unguwar da suka gama sakandare ko suka yi karatun malanta na NCE suna zaune ba aiki, yawancinsu mata. Kowane rukuni ya samu mutum biyu: ɗan unguwa da ɗalibin jami'a. Horo tare aka yi musu. Ɗalibi ya kawo tsarin darasi da katunan haruffa da dabarun da ya koyo a aji, ɗan unguwa ya kawo sanin yara da gidajensu, kuma shi ne ba ya fashi. Lokacin jarrabawa ɗalibai suka ɗauke ƙafa, karatu bai tsaya ba. Akwatin kayan aiki a gidan wata dattijuwa yake kwana, rajista ma a hannunta take, in yaro ya yi fashi sau uku ita ke yafa mayafi ta shiga gidansu. Abin da ban zata ba shi ne ɗalibaina sun fi koyon aikin malanta a wurin waɗannan 'yan mata fiye da yadda suka koya a wurina.

Lokaci da kuɗi

Kada ku yarda lesin ya ci karo da Islamiyya. In aka sa iyaye zaɓi tsakanin biyun kun san wanda za su ɗauka, kuma ba za a ga laifinsu ba. Alhamis da Juma'a makarantun allo da yawancin Islamiyyu suna hutu, ga yammaci biyu nan a hannu. Rana ta uku ku zauna da shugaban Islamiyyar unguwa ku nema, ko safiyar Asabar ko ta Lahadi gwargwadon tsarinsu. In kuka shigo da shi cikin kwamitin tun farko, watakila ma azuzuwansa zai ba ku. Na nace a kan kwana uku ne saboda binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna lesin da ake yi sau uku ko fiye a mako, a ƙaramin rukuni, da malami ɗaya da yaro ya saba da shi, ya fi wanda ake yi sau ɗaya nesa ba kusa ba. Awa ɗaya ta isa. Rukuni kada ya wuce yara takwas zuwa goma. Da mutum tara ba za ku iya ɗaukar yaran Mabera duka ba, kuma ranar rajista za ku ga taron da zai ba ku tsoro. Ku fara da 'yan aji uku zuwa biyar da gwaji ya nuna ba su iya karatu ba, sauran a rubuta sunansu su jira zagaye na biyu. Za a ji haushi, har a ce kun yi son kai, don haka a yi gwajin a gaban iyaye.

Maganar kuɗi, babu lesin kyauta. Wani ne dai ke biya. Akwai kuɗin abin hawa, alli, kwali, littattafan rubutu, da ɗan alawus na matasan unguwa, wanda ko na sabulu ne a ba su a kan kari. Ni ban goyi bayan a yanka wa kowane yaro kuɗi ba, don yaron da aka yi shirin dominsa shi zai fara zama a gida. Gara ƙungiya ta yi karo-karo, a nemi masu hali na unguwa, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta a taro. Sannan ku tambayi ɗaliban nan tara a ina kowannensu yake kwana. Wanda gidansu ke Mabera ko Minannata ko Gawon Nama ya fi muku amfani a kan wanda ya fi shi ƙoƙari amma yana ɗakin kwanan ɗalibai.

Abin da za ku nema a rubuce

Ku nemi takarda mai hatimin sashe, da sunayen ɗaliban da lambobin rajistarsu, da sunan malamin da ke kula da su. Ku ɗauki ƙafa ku je ofishinsa, kai da mutum ɗaya ko biyu, ku tambaye shi ido da ido sau nawa zai zo dubawa, wa zai maye gurbin waɗannan in sun kammala, kuma me zai faru ranar da aka rufe makaranta. In ya yi ta kame-kame, kun gane shirin na ɗalibai ne kawai, sai ku ƙara ƙarfafa ɓangaren 'yan unguwa. Ku sanar da hedimastan firamaren da yaran ke zuwa da kwamitin iyaye na makarantar, don kada malamai su ɗauka an zo tona musu asiri ne. Su suka san yaran da suka fi buƙata, kuma littattafan Mu Karanta na iya kasancewa a ma'ajiyarsu.

Akwai sharuɗɗan da ba na sassauci a kansu. Karatu a buɗaɗɗen wuri ake yi, inda mai wucewa zai gani. Ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya a ɗaki. 'Yan matan da suka fara tasawa, mata ne za su koyar da su. Babu bulala. Babu aiken yaro, babu kiran shi ɗakin kwanan ɗalibi, babu karɓar lambar wayar yarinya. Hotunan yara ba sa hawa Facebook sai da yardar iyaye, kuma ko da yardar, ba a sa hoton yaro a rubuta cewa bai iya karatu ba. In wani ɗalibi zai yi amfani da sakamakon yaran wajen rubuta kundin kammala digirinsa, ba laifi ba ne, amma ya faɗa tun farko, ya ɓoye sunaye, ya kuma dawo ya gaya muku abin da ya gano. Wanda ya ji haushin waɗannan sharuɗɗa ya sauƙaƙa muku aikin tantancewa.

Yawon buɗe ido da kwamfuta

Kada ka ɗauka na raina wannan ɓangare. A nan ne jami'a ke da abin da unguwa ba ta da shi. Sau ɗaya a wata, ko a ƙarshen zango, a fita da yara. A nemi izini a kai su ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Ɗanfodiyo su ga littattafai sun fi ƙarfin ƙirga, ko cibiyar binciken makamashi ta jami'ar su ga yadda ake girki da busar da kaya da hasken ranar nan da ke ƙona mu. A cikin gari ga gidan tarihi na Waziri Junaidu, ga Hubbare, ga majema da dukawa masu sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato, inda yaro zai ga awo da lissafi da haɗa sinadari a hannun mutanen da ya sani. Ranar da muka sa ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaje-gwaje, wata yarinya ta leƙa ta ɗago ta ce gini ne na bulo. Kafin mu fita ta riƙe hijabin ɗalibar da ta nuna mata tana tambayarta ko ita ma 'yar Sakkwato ce, kuma babanta ya bar ta ta yi karatu. Wannan tambaya ta biya kuɗin motar ranar.

Kwamfuta kuwa, ku tambaye su guda nawa gare su kuma da wace wuta. In laftof ɗaya ce yara talatin za su kewaye, ko a zana linzamin kwamfuta a allo a ce su kwafa, a bar shi tukuna.

Iyakar abin

Lesin na awa uku a mako ba zai maye gurbin makaranta ba, faci ne a inda ta yage. Ba zai yi maganin yaron da ya zo da yunwa ba. In an yi makonni yaro bai motsa ba alhali yana zuwa, a duba idonsa da kunnensa a asibiti kafin a ce komai game da ƙwaƙwalwarsa, don na ga yaran da matsalarsu duka ba sa hango allo ne. Almajirai da yaran da ba su taɓa shiga boko ba suna buƙatar nasu tsarin da za a yi da malamansu, kada ku cusa su cikin wannan a zagayen farko. Sannan ni ban ga ɗaliban nan tara ba, ku kuka gan su. Ku yi yarjejeniyar mako goma zuwa sha biyu kawai, a sake gwada kowane yaro da takarda irin ta farko, a tara iyaye a faɗa musu nawa suka tashi daga haruffa zuwa kalmomi, nawa suka kai labari. A kan wannan za ku yanke ko a ci gaba.

Shi kuma ɗanka, kada ka jira su. Yau bayan sallar isha'i ka ɗauki takarda ka rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, ka sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki. A ƙasa ka rubuta gaɓoɓi biyar, sannan kalmomi biyar da ba su cikin littafinsa, irin su tulu, rago, masa, gero, kujera. Ka zauna kusa da shi, kada ƙannensa su kasance a wurin, kuma duk abin da ya faɗa kada fuskarka ta canza. Inda ya tsaya ka sa alama, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye takardar. In kun je wurin malamin nasu ka tafi da ita, ka ce ya nuna maka darasin da ɗalibansa za su fara yi wa mai wannan takarda.